Motar Surayya Ta Je Arewa

Duk wanda ya daɗe a Agege ya san Malam Ja'afaru Direba. Shekara da shekaru yana ɗauko shanu a tirela daga arewa zuwa mayankar Oko-Oba, har mahauta suna gane odar motarsa tun kafin ta shawo kwana. Gwiwarsa ta hagu ce ta ajiye shi. Da farko kumbura take yi in ya yi doguwar tafiya, sai ya shafa man zafi, ya ɗaure ta da ƙyalle, ya ci gaba. Daga baya ta ƙi lanƙwasuwa yadda ya kamata, taka kuloci ya zame masa azaba. Wata rana a cunkoson shigowa Legas ƙafar ta ƙage, mota ta mutu masa a tsakiyar titi cike da shanu, direbobin danfo, motocin hayar Legas, suka yi ta zaginsa da Yarbanci. Da ya samu ya sauke kayan, ya miƙa wa mai mota makullinsa, bai sake hawa ba.

Tun daga lokacin zamansa ya koma ƙofar gida, a kan benci, ƙafa a miƙe, rediyo a gefe. Daga nan yake kallon 'yarsa Surayya tana fita aiki kullum da sassafe. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Ikorodu, haifaffiyar Agege, Yarbanci a bakinta kamar Hausa. Mijinta yana aiki a Fatakwal, shi ya sa take zaune a sashen baya na gidan mahaifinta. Da wahalar danfo ta ishe ta, sai ta shiga makarantar koyon tuƙi, ta sayi wata 'yar ƙaramar mota ta hannu, ruwan toka, mai canza giya da kanta, irin wadda ake ce wa otomatik.

Ranar da ta kawo motar, Malam Ja'afaru ya dogara sandarsa ya zagaye ta, ya sa aka buɗe masa inji ya leƙa.

"Wannan ai na keken ɗinki ne," in ji shi. "Ina kulocinta?"

"Ba ta da shi, Baba."

"To ƙafar hagu aikin me za ta yi?"

"Hutawa za ta yi. Ka zo mu shiga gosulon Ketu da safe, ka ga amfanin haka."

Ya yi tsaki ya koma bencinsa. Ya yi mata addu'ar Allah Ya tsare, amma bai taɓa yarda ya shiga motar ba. In za shi masallacin Juma'a, gara ya tare keke mai ƙafa uku. Matarsa Fadima kuwa tuni ta mai da motar tata, kasuwa da gidan suna da gidan biki duk Surayya ce ke kai ta, kuma ta sha gaya masa cewa ko a gadon falo ba ta jin daɗin zama kamar a kujerar motar nan.

Ana cikin haka, wata Laraba da hantsi waya ta shigo masa daga ƙauyensu, Tungar Ƙirya, can bayan Kwantagora. Sabi'u ne, ɗan yayarsa Hansai.

"Kawu, jikin Inna ya yi tsanani. Ba ta iya kwanciya sai a jingine. Tun jiya kai take kira."

Hansai ce ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yaye shi da kunun gero. Rabonsa da ganinta tun yana tuƙi, lokacin da yakan ratse ya ajiye mata gishiri da manja. Ya ajiye wayar. Ya san dole ya tafi, amma ta yaya? Motar haya ba wurin miƙe ƙafa, ga shi yanzu fitsari ba ya yi masa haƙuri, kuma ba zai iya roƙon direba sa'an ɗansa ya tsaya masa a kowane gari ba, fasinjoji suna guna-guni.

Da yamma Surayya ta dawo, ta ji labari daga bakin mahaifiyarta, ta fito ta tsuguna gaban bencin.

"Baba, zan ɗauki hutu in kai ka."

"A cikin me?"

Ta nuna motar da haɓa.

"Ke kin san inda ake kira Kwantagora kuwa? Iyakarki fa Ikorodu. Wannan abar ko Badun ba za ta kai ba, za ta tafasa."

"To mu tambayi Badaru."

Badaru bakanike ne a Iyana Ipaja, amma da can karen motar Malam Ja'afaru ne, a hannunsa ya koyi riƙe sifana. Yanzu shi ma furfura ta fara fito masa. Washegari suka kai masa motar, kuma wannan ne karon farko da Malam Ja'afaru ya zauna a cikinta. Surayya ta tura masa kujera har ƙarshe, ƙafar ta miƙe sosai.

Badaru ya juye baƙin mai, ya duba man giya da birki da lagireto, ya ce a canza tayoyin gaba. Sannan ya goge hannu ya zo ya rusuna.

"Oga, za ta je. Lafiyarta ƙalau. Abu biyu ne kawai ba ta so, nauyi da gaggawa. Kada a cika mata kaya, kada a ce sai ta yi tsere da manyan motoci. In za ku hau tudu mai tsawo a kashe esi, a haƙura da sanyin. A riƙa kallon allurar zafi."

"Kai ma ka yarda da wannan abar?"

"Oga, mai kaɗan take sha, kuma ba ta taɓa barin Anti a hanya ba. Ni dai abin da na gani ke nan."

Maganar kaya ita ta fi ba shi wahala. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa Malam Ja'afaru za shi gida da mota. Mutane suka fara sallama, wannan da jarkar manja a kai wa uwarsa a Makwa, wancan da buhun garin rogo, wata da katifa a naɗe. A zamanin tirela bai taɓa mayar da saƙon kowa ba, da wannan aka san shi. Ya dubi tarin kayan, ya dubi bayan motar da ko akuya biyu ba zai ɗauka ba, kunya ta kama shi. Haka ya riƙa bai wa mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya, wasu suka fahimta, mai katifa kuwa ta tafi tana mita. Abin da ya shiga motar shi ne jakunkunansu, da turmin atamfa na Hansai, da akwatin magungunan Surayya, da burodin Agege mai zafi da Fadima ta cusa a kujerar baya.

Bayan sallar asuba suka kama hanya. A cikin gari Surayya ba ta da tsoro. Ta kutsa tsakanin danfo da keke da okada, ƙafa ɗaya tana aiki tsakanin birki da totur, har ta sauke gilashi ta mayar wa wani kwandasta martani da Yarbancin da ya sa mahaifinta kau da kai don kada ta ga murmushinsa. Da suka hau babbar hanyar Badun motar ta miƙe sumul. Sau biyu ya ce a tsaya kafin su kai Badun, ta tsaya ba tare da ta tambayi dalili ba. A Ilori suka yi sallah, suka ci amala, aka ƙara mai.

Bayan Ilori ne hanya ta canza. Titi ya tsuke, ramuka suka yawaita, tankoki da tireloli suka jeru kamar ba su da ƙarshe. Surayya ta matso gaba ta ƙanƙame sitiyari. A wani tudu mai tsawo suka maƙale a bayan wata tankar mai da ke rarrafe tana fesa musu baƙin hayaƙi. Motocin da ke bayansu suka dame ta da oda. Ta leƙa, ta ga kamar hanya a buɗe take, ta fita ta danne totur har ƙasa.

Injin ya yi kururuwa, amma motar ba ta zabura ba. A hankali take cin tsawon tankar, ba su ko kai tsakiyarta ba sai ga kan tirela ya ɓullo daga saman tudun, yana walƙa musu fitila.

"Saki totur," in ji Malam Ja'afaru. Bai ɗaga murya ba. "Taka birki a hankali. Bar tankar ta wuce. Yauwa. Yanzu koma hannunki."

Ta koma bayan tankar da ƙyar, tirelar ta wuce da iskar da ta girgiza motar kamar kwali. Surayya ta gangara gefen titi inda wasu mata ke sayar da doya, ta tsaya. Ko motar ba ta kashe ba. Ta kifa kai a kan sitiyari ta fashe da kuka.

"Na kusa kashe ka, Baba."

Ya bar ta ta yi kukanta. Ya fita da sandarsa, ya sayo ruwa mai sanyi, ya miƙa mata ta taga. Ya tuna sau nawa ya hangi irin waɗannan ƙananan motoci daga saman tirela suna wannan gangancin, yana zagin direbobinsu, bai taɓa tunanin abin da na ciki ke ji ba.

"Ba laifinki ba ne," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa nuna miki. Fito ki ba ni."

Ta ɗago da jajayen idanu. "Ƙafarka fa?"

"Ba ke kika ce hutawa take yi ba?"

Ya zauna a mazaunin direba, ya gyara madubi, ya yi bisimilla. Surayya ta nuna masa inda ake sa giyar gaba da ta baya da ta tsayawa. Motar ta fara tafiya, ya ɗan ƙara wuta, kunnensa ya ji lokacin canza giya ya yi. Kafin ya ankara ƙafar hagu ta tashi da kanta neman kuloci, ta sauka a kan birki. Motar ta yi turjiya wuri ɗaya, burodin Fadima ya taso daga baya ya faɗo musu a cinya, zafin gwiwa ya harba masa har ƙugu.

"Wayyo Allah!"

Surayya da hawaye a fuska ta tuntsire da dariya, masu doya ma suna dariya. Shi ma da zafin ya lafa ya yi dariyar. Ya kama ƙafar da hannu biyu ya jingine ta can jikin ƙofa, ya ce mata, "Ke zauna nan, an sallame ki."

Daga nan tafiya ta daidaita. Bai yi nisa ba ya fara gane halin motar. Ba raguwa ba ce, lokaci take so. In ya taka totur sai ta ɗan yi jim kafin ta amsa, saboda haka dole ya fara shiri tun daga nesa. A tudu ya bar ta ta bi bayan manya, a gangara ko shimfiɗaɗɗen wuri ya wuce su. Sitiyarin ba nauyi, da yatsu ma juyawa yake. Ya ji kafaɗunsa sun saki. Ga hanyar da ya sani kamar tsakar gidansu tana shigowa ƙarƙashinsa, ga kwanar da ya taɓa samun fashewar taya, ga rumfar da yake shan shayi, yanzu ta zama shagon sayar da waya. Da suka hau gadar Jabba, kogin Kwara ya buɗe dama da hagu yana ƙyalli, sai ya ji idonsa ya ciko. Ya yi kamar hayaƙi ne ya shiga masa ido. Surayya ta ga abin da ya faru, ta juya tana kallon ruwa.

Kafin magariba suka shiga Makwa, suka kwana a gidan wani tsohon abokin tuƙinsa.

Da safe ya tashi bayansa a ɗaure, idanunsa suna yaji. Ya yarda a ransa cewa hasken rana a kan kwalta ya fi ƙarfin idonsa yanzu, jiya ma daurewa ya yi. Ya miƙa wa Surayya makulli. Ta noƙe kafaɗa.

"Baba, ka ci gaba kawai. Ni na tsorata."

"Na sani. Shi ya sa za ki karɓa yau. In kika bari tsoron ya kwana biyu a jikinki, ba za ki ƙara hawa babbar hanya ba."

Ta karɓa ba da son ranta ba. Suka yi tafiya mai nisa tana bin bayan wata tirelar siminti, ba ta ko leƙawa. Ya ƙyale ta har sai da suka hau wani tudu suka fara gangarawa, hanya ta miƙe fetal ba kowa.

"Ja baya kaɗan, ki ba shi tazara, don ki ga gabansa. Kashe esi. Yanzu fara ƙara wuta tun muna hannunmu. Kin ga hannun direban?"

Direban tirelar ya fito da hannu ta taga yana yafito su.

"Ya ba ki hanya. Fita. Kada ki saki, kada ki kalle shi, gabanki za ki kalla."

Motar da ta riga ta ɗauki gudu ta wuce tirelar ba wahala. Surayya ta koma hannunta, ta saki numfashi mai ƙarfi.

"Danna masa oda kaɗan. Godiya ke nan."

Ta danna, tirelar ta amsa da tata babbar murya. Surayya ta yi murmushi. Ta sake wuce wata, sannan wata, ta ukun ma bai ce mata komai ba. Da rana ta take, allurar zafi ta ɗan haura, suka ratse ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro suka buɗe inji ya sha iska, suka ci burodi da ƙosai. A nan ya ba ta labarin yadda Hansai ta taɓa bin motar itace da gudu tana kuka ranar da ya fara barin gida, labarin da bai taɓa ba kowa a Legas ba.

Bayan Kwantagora suka sauka daga kwalta zuwa hanyar Tungar Ƙirya, nan kuma motar ta nuna iyakarta. Ruwan bara ya zaizaye hanyar, ga yashi ga kwazazzabai. Ba su yi nisa ba cikinta ya fara gurzar ƙasa. Malam Ja'afaru ya ce a tsaya kafin a fasa tankin mai. Suka koma da baya zuwa mararraba, suka bar ta a rumfar wani mai faci, suka kira Sabi'u. Ya zo da babura biyu. Haka aka ɗora Malam Ja'afaru a baya, ƙafa ɗaya a miƙe gefe tana share ciyawa, yana salati a kowane rami.

Sun sami Hansai a jingine da bango, an tara mata matasai. Ta rame, idanunta sun yi fari, ƙafafunta sun kumbura. Da ya yi sallama ta ɗago kai.

"Auta? Kai ne?"

"Ni ne, Yaya."

Ya zube a gefenta, ta laluba fuskarsa da gemunsa. "Ka tsufa," in ji ta. "Wa ya kawo ka, da wannan ƙafar taka?"

"'Yarki ce, Surayya. Ita ta tuƙo ni tun daga Ikko."

"Mace? Da kanta?" Ta miƙa hannu. "Zo nan in ji ki."

Surayya ta durƙusa ta gaishe ta, Gwaggo sannu, Gwaggo ya jiki. Ta bari aka gama gaishe-gaishe, sannan ta buɗe akwatinta, ta auna jinin tsohuwar, ta saurari ƙirjinta, ta danna ƙafar ta ga wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ja mahaifinta da Sabi'u waje ta ce zuciya ce, ruwa ya taru, dole a kai ta asibiti gobe. Hansai ta ce ba inda za ta, a bar ta ta mutu a ɗakinta. Sabi'u ya yi magiya ta ƙi. Sai da Malam Ja'afaru ya ce shi da kansa zai tuƙa ta, kuma ba zai koma Ikko ba sai ta tashi, sannan ta ce a ɗauko mata mayafinta mai kyau.

Da hantsi aka kai ta mararraba a amalanke. Motar ba ta da tsayi, saboda haka shigar da ita bai yi wuya ba. Surayya ta kwantar mata da kujerar gaba daidai yadda numfashinta zai sauƙaƙa, ta zauna a baya tana riƙe da kafaɗarta. Malam Ja'afaru ya ja su a hankali, yana kauce wa kowane rami, har ƙofar asibiti a Kwantagora.

Aka ba ta gado. Cikin 'yan kwanaki kumburin ya sauka, ta fara shan kunu, har ta samu ƙarfin yi wa ƙaninta faɗa a kan ya bar gemunsa ba gyara. Hutun Surayya ya ƙare. Ranar da za ta koma, ta ajiye masa makullin a kan tabarma.

"Ka riƙe ta, Baba. Ana bukatar mai kai abinci da mai kai Gwaggo ganin likita. Ni zan bi motar haya."

"Aikinki fa? Ikorodu?"

"Danfo bai manta da ni ba."

Ya ɗauki makullin. Ya kai ta tasha da kansa, ya tsaya har motarsu ta tashi.

An sallami Hansai ta koma gida, ta yi watanni biyu tana zama a tsakar gida da yamma, ƙaninta a gefenta, suna hirar mutanen da duk suka riga mu gidan gaskiya. Duk ranar ganin likita shi yake kai ta. A farkon damina, wata safiya bayan ta sha kunu, ta ce a gyara mata matashi, kafin a juyo ta cika.

Bayan addu'ar bakwai Malam Ja'afaru ya kamo hanyar Legas, Sabi'u ya raka shi don ya gaida dangi. Bai yi gaggawa ba. Da rana ta yi zafi sai ya tsaya, ya kwana a Makwa, ya kwana a Ilori. Ya shigo Agege ana kiran la'asar, motar ta yi buɗu-buɗu da jar ƙasa, 'yar jakar gero ɗaya a baya wadda Hansai ta ware da bakinta ta ce a kai wa Surayya. Fadima ta fito, Surayya ta fito, maƙwabta suka taru yi masa gaisuwa. Ya amsa wa kowa, sannan ya nemi ruwan alwala. Da ya idar da sallah ya kira Surayya gefe, ya gaya mata cewa birkin baya ya fara ƙara tun daga Oyo, gobe da safe shi zai kai wa Badaru, in ya so ya sauke ta a tashar motocin Ikorodu tukuna.